Anti Bilki ta Funtuwa da littattafan da suka shiga gidajen kulle

Idan aka ambaci Funtuwa, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne auduga da masara, sai layin dogon da ya ratsa garin daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, sai kuma Alhaji Mamman Shata da ya yi zamansa a can shekara da shekaru. Amma akwai matan aure masu ɗimbin yawa a Kano da Sakkwato da Maraɗi waɗanda ba su taɓa taka garin ba, ba su san inda injin gurzar auduga yake ba, sun kuwa san sunan Funtuwa sarai, domin a bangon littafi suka fara ganinsa. Sunan shi ne Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Masu karatunta ba sa jan shi da tsawo haka, Anti Bilki kawai suke cewa.

Littafin da ya fito da ita shi ne Allura Cikin Ruwa, wanda ya shiga kasuwa a 1994. Bayan shekara biyu ta fitar da Wa Ya San Gobe?, a 1997 kuma Ki Yarda Da Ni. Waɗannan uku su ne suka kafa sunanta, ko da yake ba a kansu ta tsaya ba, akwai Sirrin Ɓoye da Sa'adatu Sa'ar Mata da Mugun Zama da wasunsu. Tana zaune cikin iyalinta a Funtuwa ta yi wannan suna, alhali maɗaba'u da dillalai da ƙungiyoyin marubuta galibi suna Kano. Yadda matar aure daga garin manoma ta zama ɗaya daga cikin marubutan Hausa da aka fi karantawa a shekarun 1990, da abin da ta riƙa faɗa wa masu karatunta har suka riƙe ta, abu ne da ya cancanci a zauna a duba shi da kyau.

Masu karatun nan dai ba daga sama suka faɗo ba. A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE, aka cika azuzuwa har a ƙauyukan Bakori da Ɗanja da Ƙafur da yaran da iyayensu ba su taɓa riƙe fensir ba. Yarinyar da aka sa aji ɗaya a wannan shekara tana da shekara 6, a 1994 ta kai 24. Mai yiwuwa an cire ta daga makaranta tun ba ta gama sakandare ba, tana ɗakin miji da goyo da na yaye, amma ta iya karanta Hausar boko tsaf. Me za ta karanta? Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi tun a aji ta gama da su, kuma labaran sarakuna ne da jarumai da matafiya, babu inda aka taɓo zaman ɗakinta. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda ya gaji aikin buga littattafan Hausa, tattalin arziki ya riga ya durƙusar da shi, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da ya sa takarda ta yi tsada. Masu karatu sun yi yawa, abin karantawa ya yi kaɗan.

Wasu mata sun riga ta buɗe hanya. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980 ta hannun NNPC, Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Budurwar Zuciya a 1987. Sannan a 1991 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya nuna wa kowa cewa marubuci zai iya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa ya kuma sayar da shi har ya ƙare a sake bugawa. Cikin wannan kasuwa mai zafi Bilkisu ta shigo.

Wanda bai riski zamanin ba sai an kwatanta masa littafin. Siriri ne, takardarsa irin ta jarida, an haɗe shi da 'yar waya a tsakiya, bangonsa da zanen mace ko hoto mai launi biyu ko uku. Labari guda akan raba shi kashi biyu ko uku, a yanke na farko daidai inda magana ta ɗauki zafi. Dabara ce ta jan rai, amma larura ce kuma, domin da cinikin na ɗaya ake buga na biyu. Marubuciya takan rubuta da hannu a littafin rubutu na 'yan makaranta, a kai Kano a buga da tafireta ko kwamfuta, a kai maɗaba'a, dillalan kasuwar Sabon Gari ta wajen Bata su karɓa, daga nan a ɗaure a kwali a bi da shi garuruwa a motocin haya. Funtuwa kuwa mararraba ce, nan hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato ta haɗu da wadda ta bi ta Malumfashi zuwa Katsina, saboda haka kayan da ya fito daga Kano ba ya daɗewa bai iso ba. Da littafi ya shiga unguwa, sai ya kama yawo. Wadda ba ta da kuɗin saye ta karɓi haya na kwana ɗaya ko biyu. Yarinya 'yar aike ta cusa shi cikin hijabi ta kai gidan ƙawar yayarta. Wadda ta yi boko ta karanta a bayyane bayan an sauke tukunyar dare, kishiya ko facala da ba ta iya ba tana saurare tana tsoma baki. Kafin littafin ya dawo wa mai shi, bango ya fita, an liƙe shi da ƙullun fulawa. Ta wannan hanya labarin ya isa ga matan da ko ƙofar zaure ba sa leƙawa sai da izini.

To, me Anti Bilki ta riƙa gaya musu?

Jarumarta kusan kullum mace ce mai tarbiyya da riƙon addini, wadda ta iya girki, ta iya kwalliya, ta iya magana da miji da surukai, kuma duk da haka ba ta saki karatu ba. Ana jarrabarta da maraici ko auren da ba ta so ko makircin kishiya, ta daure, ta ci gaba da makaranta, ƙarshe ta zama mai aikin yi da abin hannunta, mijinta yana alfahari da ita. Ilimi a littattafanta ba ya raba mace da ɗakinta, gyara mata zaman yake yi. Wannan shi ne saƙon da ta yi ta maimaitawa ta fuskoki daban-daban, kuma ta san ga wa take aika shi. Uban da ke tsoron boko zai lalata masa 'ya, da mijin da ke ganin mace mai albashi ba za ta yi biyayya ba, su ne take lallashi ta bakin 'ya'yansu da matansu.

Hujjarta kuma daga cikin addini take ɗebo ta. Idan ta soki auren dole, ba da sunan wani ra'ayi na Turai take sukarsa ba, tunatarwa take yi cewa Musulunci ya nemi a ji ta bakin yarinya kafin a aurar da ita. Idan ta yi kiran a bar mata su yi karatu, neman ilimi da aka wajabta wa namiji da mace take kafawa. Idan ta zo kan mata fiye da ɗaya, sharaɗin adalci take sa wa miji a gaba. Aikinta shi ne ta raba abin da yake addini da abin da yake al'ada ce ta fake da addini. Wannan hanya tana da tushe mai zurfi a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru da malamanta mata da ake kira jaji masu bin ƙauyuka suna karantar da mata. A zamanin da Bilkisu ta fara rubutu, makarantun Islamiyya na matan aure suna ta yaɗuwa a garuruwan Arewa, ƙungiyar FOMWAN ta mata Musulmi kuma an kafa ta tun 1985. Matan da ke dawowa daga Islamiyya da Ahalari da Arba'una Hadis a jaka su ne masu karanta ta, kuma harshen da suka fara sabawa da shi a aji shi suka tarar a cikin labarinta.

Za a fi gane salonta idan aka ajiye ta kusa da Balaraba Ramat Yakubu. Balaraba an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, kuma zafin wannan yana cikin alƙalaminta. A Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, Rabi ta koma sayar da abinci tana riƙe su, marubuciyar ba ta rufa wa mijin asiri ko kaɗan ba. A Wa Zai Auri Jahila? ta tsaya ƙyam a kan zaluncin aurar da yarinya ga tsoho. Balaraba tana nuna rauni ne a buɗe. Bilkisu ta fi karkata ga nuna yadda gida zai kasance idan an gyara, da miji mai tausayi da mace mai ilimi da wadata. Wani masani Ba'amurke, Novian Whitsitt, ya yi nazarin su biyun, kuma a maƙalar da ya buga a mujallar African Studies Review a 2003 ya siffanta aikin Bilkisu da cewa tawaye ne cikin taka-tsantsan. Siffar ta dace. Ta shiga gidaje ne kamar baƙuwar da ta yi sallama a zaure, ta gaida maigida, sannan ta wuce ciki ta faɗi abin da ya kawo ta. Da ta ɗaga murya tun daga ƙofa, gidaje da yawa da ba a bar littafinta ya kwana ba.

Ki Yarda Da Ni shi ne ya fi fita daga takarda ya shiga bakin jama'a. Labari ne na zaman kishi, na uwargida mai haƙuri da hankali da amarya Biba mai fitina, da mijin da ya rasa yadda zai riƙe gidansa. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa na kaset ɗin bidiyo ke tashen farko, aka mayar da shi fim, ya kuwa karɓu ƙwarai. Marigayiya Hauwa Ali Dodo ce ta fito a matsayin Biba, sunan ya manne mata har ta rasu a hatsarin mota a farkon 2010, mutane da yawa ba su san ta da wani suna ba sai Biba Problem. Mutumin da marubuciya ta ƙirƙira a Funtuwa ya zama sunan da ake kiran 'yar wasa da shi a duk faɗin Arewa. Ba kowane marubuci ne ke samun wannan ba.

Abin sha'awa kuma, muhawarar da ta fi zafi a kan irin waɗannan littattafai, 'yan wannan yanki na kudancin Katsina suna tsakiyarta. Ibrahim Malumfashi, wanda daga baya ya zama farfesa, tun farkon shekarun 1990 yake rubutu a jaridar Nasiha yana sukar su, kuma shi ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onitsha da suka yi tashe suka shuɗe. Ƙorafinsa shi ne babu tacewa, babu kula da ƙa'idojin rubutu, jigo guda ake ta juyawa, ana kuma kwaikwayon finafinan Indiya. Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, shi ya buɗe shafin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako aka yi ta fafatawa a ƙarshen shekarun 1990, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan, suna cewa littafin da ya sa matar aure ta riƙa karatu kullum ya yi aikin da hukumomin yaƙi da jahilci suka daɗe suna nema. Wannan muhawara ta masana ce. Ta malamai da hukuma ta fi tsanani. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun 'yan makarantar mata, daga baya kuma hukumar tace finafinai a ƙarƙashin Abubakar Rabo ta nemi marubuta su yi rajista a riƙa duba aikinsu kafin ya fita. An yi wa kowa kuɗin goro, mai rubuta batsa da mai kiran a kai yarinya makaranta.

Malumfashi yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ba a kyauta wa Anti Bilki ba idan aka ƙi faɗa. Littattafan zamanin, har da nata, sun fito ba tare da edita ba, da kurakuran rubutu da maimaici da wa'azi mai tsawo da kan tsayar da labari. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Duniyar da ta fi zanawa ta masu hali ce, gidaje masu falo da motoci da tafiye-tafiye. Matar manomin Ɗandume da ke surfe da sussuka, da yarinyar da ke tsintar auduga ko ɗaukar tallan dafaffiyar masara a tasha, da tsohuwar da ke tuyar ƙuli-ƙuli don ta haɗa wa jikarta kayan ɗaki, ba su ne ke tsakiyar labarinta ba, alhali su ne maƙwabtanta. Funtuwa gari ne da Bankin Duniya ya zaɓa a 1975 ya fara gwajin babban shirin bunƙasa noma tare da Gusau da Gombe, garin masaƙa da injinan gurza, garin da ya ga tashin auduga ya kuma ga faɗuwarta. Labaran da ke cikin wannan ba su da iyaka, kuma har yau adabin Hausa bai taɓa su yadda ya kamata ba. Sannan nauyin gyaran gida a littattafanta ya fi sauka a kan mace. Ita ce za ta yi haƙuri, ita ce za ta yi dabara, ita ce za ta mayar da mugunta da alheri har miji ya gane kurensa. Mai karatu da mijinta bai taɓa ganewa ba tana da damar ta tambaya, ita fa ina makomarta?

Duk da haka, mai son yin adalci sai ya tuna da abin da mafarkin wadatar nan yake yi a zuciyar mai karatu. Yarinyar da ba ta taɓa ganin mace likita ko lauya a danginsu ba, a nan ta fara ganinta, da hijabinta da sallarta da mijinta da 'ya'yanta, ba wanda ya tsine mata. A yankin da ke da makarantar ungozoma a Malumfashi, amma har gobe akwai mazan da ba sa yarda namiji ya duba matansu a asibiti, kuma ba sa yarda 'yarsu ta yi karatun da za ta zama mai dubawar, wannan hoto ba ƙaramin aiki ya yi ba. Inda hasashen masu suka bai tabbata ba shi ne batun mutuwar wannan adabi. Adabin bai mutu ba, wuri ya sauya. Ya koma rediyo, ya koma wayar hannu, ana sayar da shi shafi-shafi a WhatsApp, ana saurarensa a YouTube, kuma mata ne suka fi yawa a cikin masu rubuta shi. Sashen Hausa na BBC ma da ya ƙirƙiro gasar Hikayata a 2016, mata zalla ya ware wa. Da yawa daga cikin masu shiga irin wannan gasa, da littattafan su Anti Bilki suka koyi yadda ake ƙulla labari.

Matsalar da ta yi rubutu a kanta ma tana nan, har ta ƙara wani salo. Da can tsoron uba shi ne kada boko ya ɓata tarbiyya. Yanzu a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, garin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a cikinsa a Disambar 2020, tsoron shi ne kada a je makaranta a ƙi dawowa. Idan aka rufe makarantar kwana, namiji yakan sami wata a birni, yarinya kuwa sau da yawa aure ake yi mata.

A wajen ƙasar Hausa, sunanta bai kai inda ya kamata ba. Mariama Bâ ta Senegal ta yi rubutu a kan kishiya da takaba da Faransanci a 1979, duniya ta karanta, ta sami lambar Noma a 1980. Zaynab Alkali ta rubuta The Stillborn da Ingilishi a 1984, ya shiga manhajar makarantu. Balaraba sai a 2012 ta tsallaka, lokacin da Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne wani kamfani a Chennai ta ƙasar Indiya ya buga. Bilkisu ta zaɓi harshen masu karatunta, ta same su da yawan da marubutan Ingilishi na Arewa ba su samu ba, amma ladan wannan zaɓi shi ne idan ana lissafin marubutan Afirka mata a jami'o'in duniya, da wuya a ambace ta.

Abin da ya fi gaggawa ma ba fassara ba ne, adana littattafan ne. Takardar jarida ba ta da rai mai tsawo. Gara ta ci wasu, damina ta ci wasu, wasu an naɗe ƙosai da su. Wanda ya shiga kasuwa yau yana neman cikakken Allura Cikin Ruwa bugun farko, tun daga kashin farko har na ƙarshe, zai sha yawo. Wani babban tarin littattafan Hausa na wannan zamani a Landan yake, wanda Graham Furniss ya tattara a makarantar SOAS, kuma bai kamata ɗalibar Funtuwa ta dogara da Ingila ba kafin ta karanta marubuciyar garinsu. Jihar Katsina tana da Hukumar Tarihi da Al'adu, tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga ta tarayya a Dutsin-ma. Ya kamata su nemi izinin masu haƙƙi, su tattara littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa gaba ɗaya, a tace su, a sake buga su a takarda mai kyau, a sa su a ɗakunan karatu na makarantun 'yan mata na jihar. Matan da ke da tsofaffin kwafi a ƙasan akwati kuma, don Allah kada su yar, su ne za a nema idan an tashi wannan aiki.